ZARE: Ka zo Kano ka ci shawarma ka tafi, sannan ka ce ba mu da abinci?

1/ Wani abokina ya zo biki daga Abuja makon jiya, ya yi kwana 3. Da ya koma sai na ga ya rubuta wai "Kano ba wajen cin abinci, sai zafi da cunkoso." Na kira shi na ce mutumina, ina da ina ka je? Ya ce otal, sai mol, sai wajen shawarma, sai otal. To jama'a ku gyara zama, zare ne 🧵

2/ Kafin wani ya ce waye ni: a cikin birni aka yanke mini cibiya, a BUK na yi karatu, yanzu neman abinci kullum sai ya kai ni Bompai. Ba wanda ya biya ni ko sisi, kuma ba zan kama sunan shagon kowa ba. Unguwa zan faɗa maka, da lokacin zuwa, da abin da za ka tambaya.

3/ Ga ra'ayina tun da wuri: yawancin abincin Kano mai daɗi ba shi da allon suna, ba ya kan taswirar wayarka. Lokaci yake da shi. Mai waina ta safe ce, mai fura ta rana, mai tsire na bayan magariba. In ka zo ƙarfe 11 na safe neman ƙosai, kasko a kife za ka tarar, kuma laifinka ne.

4/ Ka fara gane garin. Akwai cikin badala, wato tsohon birni. Akwai Fagge da Sabon Gari a wajen ganuwa. Akwai Nasarawa da Bompai, inda Turawa suka zauna. Sai wuraren da gari ya faɗaɗa: Zoo Road, Tarauni, Hotoro, Kabuga. Kowanne da irin girkinsa da irin aljihun da yake nema.

5/ SAFE. Bayan asuba ka shiga birni, ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa. Yakasai, Koki, Mandawari, duk lungun da ka ga hayaƙi da yara a tsaye da kwanuka, tsaya nan. Koko mai zafi, ƙosan da aka tsamo a gabanka, a barbaɗa yaji. Yaran nan su ne shaida, iyayensu ba sa aike gidan da bai iya ba.

6/ Waina kuma, wadda wasu ke kira masa. Tun jiya aka jiƙa shinkafa aka niƙa, ƙullin ya kwana ya tashi, shi ya sa take da 'yar tsamin nan. Ka ce a zuba maka da miyar taushe. Mai kyau gefenta na da ƙaras-ƙaras, cikinta laushi. In ta yi nauyi kamar dutse, ƙullin ne bai tashi ba.

7/ Ka gaisa tukunna dan Allah. "Ina kwana Iya, ya aiki?" kafin "nawa-nawa?" Na sha ganin baƙo ya miƙa kuɗi ba sallama, a sallami mutum 5 da suka zo bayansa yana tsaye. Ba wulaƙanci ba ne, tarbiyya ake koya masa. Mai gaisuwa kuwa, gyara ma sai ya ce ya isa.

8/ Tunda kana birni, narkar da abin da ka ci. Marinar Ƙofar Mata na nan, Gidan Makama na nan kusa da fadar Sarki. Sai Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. In ƙafarka da ƙarfi, hau Dala kafin rana ta buɗe.

9/ HANTSI. Gurasa. Wanda ya zo Kano bai ci gurasa ba, a wajena tasha kawai ya zo. Nufi wajen Jakara, nan gidajen gurasa suke, har akwai unguwar da sunanta Ceɗiyar 'Yan Gurasa. A jikin tanderu ake manna ta ta gasu. Ka same ta da ɗuminta, ko gaya ka ci ba ka yi asara ba.

10/ Amma ka ce a yi maka bandashe: a ɗan jiƙa gurasar, a zuba garin ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, albasa, tumatir, yaji. Kuɗi kaɗan, ƙoshi har la'asar. Kakanninmu sun ce daga Larabawan da suka zo fatauci ta Sahara muka samo ta, ita da alkaki. Yau ta zama tamu, ba mai ƙwacewa.

11/ RANA. Je inda 'yan kasuwa ke ci: kewayen Kantin Kwari, Singa, Ƙofar Wambai. Dalili? Ɗan kasuwa kullum yake ci a wuri ɗaya, kuma bakinsa ba ya shiru. Mai abincin da ta lalata girki sau 2, layin gaba ɗaya ya ji. Wannan ya fi duk taurarin da ake bayarwa a intanet.

12/ Abin nema a nan garau-garau ne: shinkafa da wake, mai da yaji, a yanka albasa da tumatir, in da hali a ɗora soyayyen kifi. Na san 'yan wasu jihohi na tsokanar mu da shi. Ku yi ta yi. Mun sha ganin masu tsokanar suna neman ƙari a ɓoye 😂

13/ Ga ɗanwake, wanda kuka da kanwa ke ba shi santsin nan, a ci da mai da yaji da dafaffen ƙwai. Ga dambu da zogale. Ga alkubus da funkaso da miya. Ga tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu. Amma in kana da taro ƙarfe 2, ka bar tuwon nan, barci zai kunyata ka.

14/ Lokacin da rana ta take, wajen Maris zuwa Mayu, maganinta fura da nono. Ni ɗan a dama a ƙwarya ne da ludayi, in ji gudajin fura a baki. Ƙannena sun fi son ta inji mai sanyi da kwakwa da dabino, irin ta shagunan Zoo Road. Mun daina faɗa a kai, kowa ya sha tasa.

15/ LA'ASAR. Awara da wainar fulawa. Kewayen tsohuwar BUK da Kabuga, ko duk inda ɗalibai suka yi yawa, nan za ka samu mai zafi da araha. Ɗalibi ba shi da kuɗin ɓatarwa, saboda haka inda ka ga sun yi cincirindo, an gama yi maka bincike.

16/ MAGARIBA. Fagge. A nan garin ke farkawa lokacin da wasu unguwanni ke shirin kwanciya. Tsire a kewaye da tukuba, balangu, gasasshiyar kaza, ƙamshi tun daga bakin titi. Ka nuna yankan da kake so da hannunka, ka ce a mayar wuta ya yi zafi. In haɗa shi da gurasa ka yi, ka gama.

17/ Sirrin gane mai nama: kalli wutarsa. Garwashi ake so, nama ya gasu a hankali a gefe. In ka ga harshen wuta na lasar nama, waje zai ƙone ciki da saura. Kuma mai naman kirki da kansa zai yanko maka ɗanɗano kafin ka tambaya, don ya yarda da kayansa.

18/ DARE. Masu cewa Kano ba wajen zaman shan shayi, teburin mai shayi fa? Benci, gwangwanayen madara a jere, biredi, indomi da ƙwai. Ka ce haɗin kauri in aljihu da nauyi, ruwan bunu in wata ya yi nisa. A nan ake warware siyasar Najeriya da rikicin Arsenal a zama ɗaya.

19/ Na taɓa faɗin haka a gida, ƙanwata ta ce: "Yaya, teburin naku na maza ne. Ni in na zauna a can, kafin in shanye kofi labari ya riga ni zuwa gida." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Tun ranar na rage yi wa sababbin shagunan gahawa dariya.

20/ Saboda haka ga hakkinsu. In kina son wurin da za ki zauna da ƙawayenki ko ki buɗe kwamfuta ki yi aiki, da sanyi da wuta da wajen caji, Nasarawa za ki nufa: Audu Bako Way, Lodge Road, Sultan Road, Lamido Crescent da kewayensu. Gahawa, kek, ais kirim, ba mai kallon ki.

21/ Sai dai ki sani wurin zaman kike saye. Kuɗin kofi ɗaya a can zai yi wa mutum 3 karin kumallo a Yakasai. Ban ce cuta ba ce, haya da dizal da sola ba kyauta suke ba. Abin da nake ƙi shi ne a kai baƙo can kaɗai a ce masa ga Kano.

22/ A Nasarawa da Bompai ɗin ne kuma za ka samu girkin 'yan Lebanon, da na Indiya da na Sin. Kwarori sun fi shekara 100 a garin nan, har titi gare su, Beirut Road. To shawarmar ma da abokina ya ci tana da tarihi a Kano. Matsalar ita ce daga ita bai ƙara komai ba.

23/ Sabon Gari kuwa Najeriya ce a dunƙule. Unguwar ta kafu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutanen kudu suka zo aiki da kasuwanci. In kana marmarin amala da ewedu, sakwara da agushi, ko farfesun kifi, bi ta France Road ko Ibo Road da rana ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

24/ TSARABA. Kilishi, ka nufi Agadasawa a cikin birni. Nama ake feɗewa siriri a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Ka ɗanɗana kafin a naɗe. Ƙara da dambun nama da alkaki. Kayan marmari kuma 'Yan Lemo, kan titin Zariya.

25/ Na san wani zai ce "tsafta fa?" Tambaya ce mai kyau, ni ma cikina ya taɓa ɗaukar darasi. Dokata 3: ci abin da aka dafa ko aka soya a gabanka, je inda ake layi don abinci ba ya kwana a can, guji ganye da salak ɗin da suka wuni a rana. Ruwa kuma ka sha na roba.

26/ Zirga-zirga: an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, adaidaita sahu ne abin hawa. Yi ciniki kafin ka shiga. A 2022 an sa dokar hana su aiki bayan ƙarfe 10 na dare, don haka in za ka yi dare ka tanadi abin komawa. Ranar Juma'a da azahar kuma ka zauna inda kake.

27/ Ba zan ɓoye muku ba, ƙwacen waya gaskiya ne. Kar ka tsaya a lungu da dare kana ɗaukar bidiyon tsire da waya a sama. Ka je da ɗan gari. Ka riƙe 'yan canji a aljihu, don ba kowace Iya ke karɓar taransifa ba. Kuma kar ka ɗauki hoton mace tana sana'arta ba izini.

28/ Yanzu abin da ya sa raina ya ɓaci da maganar abokin nan. Akwai wata Iya a layinmu, tun ina firamare take waina. Da kaskon nan ta aurar da 'ya'ya, ta riƙe marayu. Bayan cire tallafin mai a 2023, shinkafa da man gyaɗa da gawayi suka yi tashin gwauron zabo.

29/ Ta rage girman wainar, aka yi ƙorafi. Ta ƙara kuɗi, ciniki ya ragu. Wata safiya na fito na ga wurin a share, ba hayaƙi. Na shiga gaishe ta, ta ce "Ɗan nan, jarin ne ya shige ciki." Mu kuma da muka girma da wainarta muna can muna ɗora hoton boga.

30/ Ni ma ina cikin masu laifin, shi ya sa nake faɗa. Ba na ce kowa ya daina zuwa wuraren zamani ba, nima gobe kuna iya ganina a can. Amma in duk kuɗin fitarmu can yake tafiya, nan da shekara 10 yaranmu a bidiyo za su ga yadda ake juya waina a tanda.

31/ To ga roƙona. Baƙo, ka ba wa birni safiya ɗaya, ka ba wa Fagge dare ɗaya, sannan ka yanke mana hukunci. Ɗan gari, in ka yi baƙo, kar ka ji kunyar kai shi inda kai kake ci in ba kowa. Kuma in Iya ta faɗi kuɗi, dan Allah a bar neman ragi a kan naira 50.

32/ Abokin nawa ya ce zai dawo da Sallah, na ce ya zo da yunwarsa. Kanawa, na san na tsallake wurare da yawa, 'yan Gwammaja da Kurna da Birget kar ku cinye ni 🙏 Ku ajiye naku a ƙasa: unguwa, lokaci, da abin da za a tambaya. A yaɗa ya kai ga masu zuwa biki.