Mun Yi Shekara Shida a Makarantar Kwana, Mun Kasa Rubuta Zango Ɗaya

Rubutun wannan makon zai sosa wa wasunmu rai, kuma da gangan ne.

Kwanan baya a zaman ƙungiya a Dutse aka karanta babin farko na wani sabon littafi. Jarumar ɗalibar SS2 ce a makarantar kwana. Shafi na farko direba ya sauke ta a bakin get, shafi na uku sabon malamin lissafi ya shigo aji yana ƙamshin turare, suka haɗa ido. Daga nan makaranta ta ɓace. Ba a sake jin ƙararrawa ba, ba a ga layin famfo ba, ba a ga jarrabawa ba, sai kallon-kallo da wasiƙa a cikin littafin aiki. Da aka tambayi marubuciyar inda ta yi sakandare, ashe kwana ta yi, shekara shida cur. Duk abin da ta gani da idonta ta bar shi a gida, ta ɗauko abin da ta karanta a WhatsApp.

Ba ita kaɗai ba ce, mu ne gaba ɗaya. A labaranmu makaranta labule ce da ake ratayawa kafin soyayya ta fito. In ma mun tashi burgewa sai mu kai yarinyar Dubai ko Landan, garuruwan da a waya kaɗai muka san su. Alhali ga Taura da Jahun nan kusa da mu, makarantun kimiyya na 'yan mata da suka fitar da likitoci da malaman jinya tun Jigawa tana cikin Kano, kafin a ƙirƙiro ta a 1991. Ga ta tarayya a Kazaure. A cikin wannan zauren kaɗai, mutum nawa ne suka ja akwatin ƙarfe suka shiga irin waɗannan makarantu suna kuka, suka fito bayan shekara shida suna wani kukan?

Turawa sun daɗe da gane cewa makarantar kwana gona ce mai albarka. Enid Blyton ta rubuta littattafai shida na Malory Towers tsakanin 1946 da 1951, tana bin yarinya ɗaya, Darrell Rivers, daga shigarta har fitarta. Babu saurayi a ciki. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne wa ta yi sata aka ɗora wa wata, wa za a ba shugabanci, wace ƙawa ce ta juya baya, yaya Darrell za ta danne zafin zuciyarta. Har yau ana bugawa ana saye. Dabarar ba ɓoyayya ba ce: ka tara yara daga gidaje daban-daban, ka rufe get, ka cire iyaye, ka sa doka. Rikici zai zo da ƙafarsa, kuma zangon karatu ya riga ya yanka maka farko da ƙarshe.

Kada wani ya ce muna kira a juyo Blyton zuwa Hausa. Yaranta 'ya'yan masu hali ne a bakin tekun Ingila, babbar damuwarsu wasan ƙwallo da cin abinci a ɓoye da tsakar dare. Babu wadda ke fargabar in ta tafi hutu ba za a bar ta ta dawo ba. A wurinmu wannan fargabar ita ce labarin. Duk wadda ta yi kwana a ƙasar nan ta san gadon da aka dawo hutu aka tarar babu mai shi, sai daga baya a ji an ɗaura aure. Ta san mai ƙoƙarin aji da kuɗin rajistar jarrabawa ya gagari mahaifinta. Ta san ranar ziyara, yadda wata ke zaune cikin kuloli da 'yan uwa, wata kuma tana laɓe a ɗaki tana cewa kanta ke ciwo don ta san babu mai zuwa daga ƙauyensu. Ta san gabza, da kwaɗon garin kwaki da ƙuli, da siniyar da ke sa juniya ɗebo ruwa kafin asuba cikin hunturu, da uwar ɗakin da ke kare ki yau gobe ta mallake ki. Ta san daren da aka ce aljanu sun tashi a ɗaki, kowa na karanta abin da ya iya. Ta san yadda 'yar Fulanin ruga da 'yar kwamishina ke raba bokiti ɗaya. Wanne daga cikin waɗannan ne bai kai littafi ba?

Abin kunyar ma shi ne magabatanmu sun nuna hanya. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan Abu, da aka raba da aji aka ba tsoho, ta ƙi, ta koma ta nemi ilimi har ta zama ma'aikaciyar jinya. Zaynab Alkali a The Virtuous Woman na 1987 ta bi 'yan mata uku a kan hanyarsu ta zuwa makarantar kwana. Amma ku lura: ɗaya ta rubuta wadda aka hana shiga, ɗaya ta rubuta hanyar zuwa. Cikin get ɗin suka bar mana, mu kuma muka cika shi da malami mai turare.

Kan wannan malamin kuwa sai mun tsaya. Babban mutum da aka damƙa wa amanar yarinya 'yar shekara 15, yana riƙe da makinta da bulalarta, in ya neme ta cin amana ya yi, ko da wane irin kyau muka zana masa. Muna rubuta shi a matsayin gwarzo, muna ƙarewa da biki, sannan ƙannenmu da ke JSS3 su karanta a wayar yayarsu lokacin hutu. In har za a rubuta shi, a rubuta shi yadda yake: yadda yarinyar ke tsoron faɗa, yadda ake rufa-rufa don kare sunan makaranta, yadda ita ake kora shi a yi masa canjin wurin aiki.

Mun san amsar da ke zuwa a ƙasan rubutun nan: "Ba ya sayuwa, masu karatu soyayya suke biya." Wa ya gwada ya ga bai sayu ba? Su wa suka raya littattafan Hausa tun zamanin In Da So Da Ƙauna in ba 'yan makarantar kwana ba, masu ɓoye littafi a ƙarƙashin katifa, ana karɓa-karɓa har bango ya cire? A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata. Wato waɗannan yaran sun sha duka da horo saboda rubutunmu, mu kuwa ba mu taɓa ganin rayuwarsu ta isa a rubuta ba. Waɗancan ɗaliban yanzu iyaye ne, suna da waya, suna da kuɗin sayen littafi, kuma in kun leƙa zaurukan tsofaffin ɗalibai za ku ga hirar gabza da siniyoyi ba ta ƙarewa.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki. Yau in aka ce makarantar kwana ta 'yan mata a Arewa, abin da duniya ta sani Chibok ce ta 2014, da Dapchi ta 2018, da Jangebe ta 2021. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a ɓoye ba. Amma uban da ke Kiyawa ko Birnin Kudu yana tunanin ko ya bar 'yarsa ta tafi, labari biyu kaɗai ke kunnensa: na rediyo da ke cewa za a sace ta, da namu da ke cewa malami zai lalata ta. Babu wanda ya ba shi labarin yarinyar da ta tafi da tsoro, ta koyi riƙe kanta, ta ci kimiyya, ta dawo asibitin garinsu tana karɓar haihuwa. Na farkon ba mu da iko a kansa. Na biyun da hannunmu muka rubuta.

Saboda haka ga abin da muke nema kafin zaren mako mai zuwa. Duk wanda ya yi kwana, mace ko namiji, ya rubuto shafi biyu a kan dare ɗaya tak a ɗakin kwana, a sa a ƙasan nan. Ba a son sunan makaranta ko na wani malami na gaske. Wanda bai yi ba ya zauna da yayarsa ko ƙanwarsa ya yi tambaya, ya rubuta abin da ta faɗa ba abin da yake zato ba. Sharaɗi ɗaya ne: duk labarin da saurayi ya leƙo a cikinsa, ko ta wasiƙa ce, admin zai sauke shi.