Sudan: Wace kwamfuta za a saya wa ɗalibi bayan ƙarewar wa'adin Windows 10?

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10 kamar yadda ya saba. Ƙarin wa'adin gyaran tsaro da ya ware wa masu amfani da ita a gida zai ƙare a Oktoban 2026. A Turai da Amurka abin da ya biyo baya shi ne ofisoshi sun yi ta sauya tsofaffin kwamfutoci. Da yawa daga cikin irin waɗannan injina kasuwannin gwanjo na Afirka suke faɗawa, kuma nan ne iyayen ɗalibai a Maiwurno da sauran ƙauyukan Hausawa na Gezira da gaɓar Blue Nile ke zuwa sayayya.

Lokacin ya zo musu da nauyi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, inda dakarun RSF suka riƙe birnin har zuwa Janairun 2025. Sinja, babban birnin jihar Sennar, ta faɗa hannunsu a Yunin 2024, soji suka ƙwato ta a Nuwamba. An wawashe gidaje da gine-ginen Jami'ar Gezira, kuma jami'o'i da dama sun koma aika darussa ta intanet. Iyalin da ya sayar da buhunan dawa ko riɗi don sayen kwamfutar tafi-da-gidanka ba shi da halin sake sayen wata baɗi.

Tambaya ta farko ita ce 32-bit ko 64-bit. Waɗannan lambobi suna nuna faɗin bayanan da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke sarrafawa a lokaci guda. Windows mai 32-bit ba ta iya amfani da ma'adanar aiki ta RAM fiye da gigabayit 4, ko da an ƙara mata. Windows 11 kuwa 64-bit kaɗai take zuwa. Ɓangaren Linux ma ya bi sahu: Linux Mint ta bar 32-bit a babban samfurinta tun 2020, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ta daina fitar da cikakken tsari dominsa. Injin da ƙwaƙwalwarsa 32-bit ce zalla, irin wasu ƙananan da ke ɗauke da tsohuwar Intel Atom, komai arharsa asara ce. Amma a lura: akwai kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar 64-bit da aka ɗora musu Windows mai 32-bit. Wannan mai gyara zai iya sauya shi. Shafin "About" da ke ƙarƙashin "System" yana nuna duka biyun, don haka a duba kafin a biya.

Tambaya ta biyu ita ce shekarun injin. Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ƙa'ida ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, wato kusan daga 2017. Lambar da ke bayan layi ita ke faɗa: i5-8250U zubi na 8 ce, i5-6200U zubi na 6. Masu shaguna sun san dabarar cusa Windows 11 a injin da bai cika sharaɗi ba, sai dai Microsoft bai ba da tabbacin ci gaba da aiko masa gyara ba. Ga irin wannan inji, Linux Mint ko Ubuntu sun fi aminci: kyauta ne, ba sa cin ƙarfi sosai, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word, da Larabci ko Faransanci ko Hausa. Sai dai ɗalibin injiniyanci da sashensa ke aiki da AutoCAD zai buƙaci Windows, domin ba a yi wa Linux ita ba.

Tambaya ta uku ita ce ƙirar ƙwaƙwalwar: x86 ta Intel da AMD, ko ARM irin ta wayar hannu. Apple ya koma ARM da M1 a 2020, kwamfutocin Windows masu Snapdragon X suka fito a 2024. Batirinsu yana daɗewa, abin da ke jan hankali a ƙauyen da wutar lantarki ke zuwa jefi-jefi, ake dogara da sola, duk da madatsun Roseires da Sennar na kusa. Amma suna da tsada, yawanci ba a iya ƙara musu RAM, kuma tsohuwar na'urar buga takardu ko manhajar da malami ya raba a filas ba lallai ta yi aiki a kansu ba. Kayan gyaransu ma sun fi wuyar samu a Damazin ko Sennar. Chromebook kuma rabin amfaninta intanet ne, alhali a Fabrairun 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a yawancin ƙasar, jama'a suka koma biyan kuɗin Starlink na awa-awa.

Idan aka haɗa waɗannan, zaɓin da ya fi tsare kuɗin iyali shi ne kwamfutar ofis ta hannu mai x86 da 64-bit, irin Lenovo ThinkPad ko Dell Latitude ko HP EliteBook, zubi na 8 ko sama, RAM gigabayit 8, da ma'adanar SSD. Idan kuɗin bai kai ba, a sayi zubi na 6 ko na 7 a ɗora mata Linux. A gwada batiri a shago, kuma ɗalibi ya fara tambayar sashensu manhajojin da za a yi amfani da su. Lissafin nan ɗaya ne ga mai saye a Maraɗi, Anjamena ko Garwa, illa dai ya duba ko allon rubutun na Faransanci ne ko na Larabci.