Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Gwaji Kafin Ginin Manhaja

Masu iya magana kan ce, tun ran gini ran zane. Manomin ƙasar Danja mai lura ba ya zuba irin masara a gona sai ya jarraba shi. Yakan ƙirga ƙwaya 100, ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, bayan 'yan kwanaki ya duba nawa suka tsira. Idan irin ya mutu, to, ƙwaya 100 ya yi asara, ba daminar shekara ba. Wannan hikima ita ce ta kamata ɗaliban da ke koyon tsara manhajar kwamfuta su ara, domin da yawansu sai sun gama gini kaf sannan su tuna da gwaji.

Ita manhaja, kamar jiki, gaɓoɓi gare ta, kowace gaɓa da aikinta. Gwajin gaɓa-gaɓa shi ne a rubuta ɗan gajeren umarni wanda zai miƙa wa gaɓa guda tambayar da aka riga aka san amsarta, ya duba ko ta amsa daidai. Wani Ba'amurke, Kent Beck, shi ya yi fice wajen yaɗa wannan hanya. Shi da Erich Gamma suka samar da JUnit a 1997, sa'an nan a 2002 ya fitar da littafi a kan tsarin sa gwaji ya ja ragamar gini. Matakan uku ne. Da fari a rubuta gwajin, a kunna shi, ya faɗi, ya nuna ja, tun da babu abin da zai gwada tukuna. Na biyu, a rubuta ɗan abin da zai wadatar har gwajin ya nuna kore. Na uku, a tsabtace rubutun, a sake kunna gwajin don tabbatar da ba a ɓata kome ba.

Alal misali, a ce wata ƙungiyar manoma a Danja ta nemi ɗalibi ya tsara mata manhajar bashin taki, wanda ake biya da hatsi da kaka. Kafin ya rubuta kome, sai ya zauna da ma'ajin ƙungiya su daidaita: tiya nawa ne buhu? Idan sun tsaya a kan 40, gwajin farko shi ne tiya 85 ta zama buhu 2 da tiya 5. Gwaji na biyu, wanda bai karɓi taki ba, kada a bi shi ko kwabo. Na uku, wanda ya biya fiye da kima, a nuna rararsa. Na huɗu kuwa ya shafi ɗaliban Hausa kai tsaye: shin manhajar ta san bambancin ƙasa da kasa, ko ɗaki da daki? In an nemi sunan Ɗanladi, za ta fito da shi ko za ta ce babu shi? Kuskure ɗaya a nan yana iya sa a ɗora wa magidanci bashin da bai ci ba, kuma a gaban jama'a ba kowa ne ke iya musu da na'ura ba.

Kada a ɗauka zancen mudu ƙaramin abu ne. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika nazarin yanayin duniyar Mas, saboda wani sashen manhaja yana lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗaya sashen kuwa yana jiran ma'aunin mita. Kowane da nasa mudun, ba a kuwa auna su tare ba.

To, amma akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne, aiki ɗaya ya zama biyu. Gaskiya ne ranar farko tafiyar takan yi nauyi. Sai dai manhaja ba a gama ta. Baɗi ƙungiya za ta canza farashi, ko ta ƙara waken suya da tumatir a lissafi, wataƙila kuma ɗalibin ya tafi hidimar ƙasa. Wanda ya gaji aikin, gwaje-gwajen nan su ne shaidunsa: ya taɓa wuri, cikin daƙiƙa su faɗa masa abin da ya rushe. Haka nan dole a yarda da gargaɗin masani Edsger Dijkstra, cewa gwaji yana tona kuskure ne, ba ya tabbatar da rashinsa. Ai ko jarraba iri ba ya hana fari, amma ba wanda ya daina don haka.

Saboda haka, ya kamata malamai a Zariya da Katsina da Dutsin-Ma su riƙa karɓar aikin ɗalibi tare da gwajinsa, tun daga darasin farko. Kayan aikin ba na saye ba ne, harshen Python ma da nasa yake zuwa. Su kuma masu nazarin Hausa su tanadi jerin kalmomi masu ƙugiya da sunayen mutane da na ma'aunai, waɗanda za a riƙa jarraba kowace manhaja da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa a gane.