Ƙanƙarar Maye da Wuƙar Mahauci

Goro da dabbobi su ne suka kafa Bahaushe a Agege. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano cikin 1911, sai zangon ya ƙara cika da fatake, har ya zama yau mutum yana iya wuni a wasu lungunan unguwar bai ji wani harshe ba sai Hausa. To, fatake ba kayan sayarwa kaɗai suka sauke ba. Sun zo da labarun garuruwansu da abubuwan da suke tsoro, kuma a cikin waɗannan babu wanda ya kai maita daɗewa a bakin jama'a. Har gobe in yaro ya kwanta ciwo ba zato, ana samun wadda za ta rage murya ta ce a bincika, ko an kama masa kurwa.

Abin lura shi ne, Bahaushe bai bar maita a matsayin mugun nufi kurum ba. Ya ba ta mazauni a jikin mutum, ya tsara mata hanyar shiga da ta fita, kai ka ce wani likita ne ya zauna ya feɗe maye ya rubuta abin da ya gani.

Ga yadda tsarin yake. An ce a cikin cikin maye akwai waɗansu 'yan duwatsu da ake kira ƙanƙara, su ne tushen ƙarfinsa, kuma su ke sa masa kwaɗayin kurwar mutane kamar yadda yunwa ke sa mai lafiya neman tuwo. Wani gadonta yake yi, ya tsotsa a nonon uwa. Wani kuwa saye yake yi don neman duniya, tsohon maye ya amayar masa da ita ya haɗiye. Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Pamela Schmoll, ta zauna da Hausawan ƙasar Maraɗi, ta kuma buga bayani a 1993 kan wannan ƙanƙara da baƙin cikin da ake cewa shi ke tafe da ita. Ashe ko kalmar baƙin ciki da ake faɗa kullum, ciki ne aka ɗora wa laifin.

Bayan ciki sai ido. Idon maye, in ji masu faɗa, yana ganin abin da na sauran mutane ba ya gani, yana hango kurwa kamar yadda ake hango kaza a tsakar gida. Ita kuwa kurwa ba ta zama da ƙarfi a jiki. Tana yawo in mutum na barci, tana zabura in ya firgita, kuma a lokacin firgitar nan ne maye ke cafke ta, ya kai ta kogon itace ko ƙarƙashin murhu ya ɓoye, mai ita ya yi ta ramewa. Amma fa ba kowace kurwa ke ciwuwa ba. Akwai mai ɗaci, wadda maye ke tofarwa in ya ɗanɗana, shi ya sa iyaye ke neman abin da za su ba yaro ya sha don kurwarsa ta yi ɗaci. Wanda bai samu wannan ba sai ya dogara da bakinsa, in ya gamu da wanda yake zargi ya ce, "Kurwata kur, ka ci kanka." Maganin kamu ma ta jiki yake bi: a tilasta wa wanda ake tuhuma ya tsallake majinyaci, wani lokaci tsirara a gaban jama'a, ko a kira Sarkin Mayu ya sa shi ya saki.

Sauran sassan jiki ma kowanne da rabonsa. Baki na da kambu, watau yabon da ke lalata abin da aka yaba. Fata ta 'yan tauri ce, masu cin magani don wuƙa ta ƙi kama su. Hannu na sagau ne, wanda ake cewa yana sandarar da dantsen mai niyyar duka. A bori kuwa jikin gaba ɗaya abin hawa ne, namiji doki, mace goɗiya, iska ya hau, in zai sauka a yi atishawa. Manjo Tremearne ya tattara da yawa daga cikin waɗannan a littafinsa na 1914 kan bori.

Ba Bahaushe kaɗai ya kai maita cikin hanji ba. Yarbawan da ake zaune tare da su a Agege tsuntsu suke danganta wa mayunsu, wanda ke fita da dare ya bar gangar jiki a kwance. Tibi na jihar Binuwai suna da abin da suke kira tsav, wanda suka ce a jikin zuciya yake tsirowa. Azande na Afirka ta Tsakiya sun fi kowa nisa, domin a da in mutum ya mutu da zargin maita a kansa, danginsa kan sa a buɗe cikinsa a nemi abin da suke kira mangu, don su wanke sunan gidansu. Baturen Ingila Evans-Pritchard, wanda ya rubuta labarinsu a 1937, ya saurari yadda suke siffanta abin, ya ce a ganinsa ƙaramin hanji ne kawai a wani mataki na narkar da abinci.

A nan ne ya kamata a tambayi mahauta, tun da Allah ya sa babbar mayankar Ikko, ta Oko-Oba, a Agege take. Mutumin da ya shekara ashirin yana feɗe shanu ya san tumbi da hanta da saifa da matsarmama kamar tafin hannunsa, kuma zai shaida cewa lalle ana samun dutse a cikin dabba. Akan tarar da tsakuwa a matsarmamar saniya, har ma tana da tsada, domin masu haɗa magungunan gargajiya na ƙasar Sin suna nemanta ido rufe. Akan tarar da curin gashi da dabba ta lasa ta haɗiye, a zamanin nan kuma har da dunƙulen leda. Mutum ma haka yake. Likitoci suna ciro tsakuwa daga ƙoda da mafitsara da matsarmamar mutane a asibitocin ƙasar nan, kuma sun san daga inda take: gishirin fitsari ne ko kitsen ruwan matsarmama ke daskarewa. Mai irin wannan tsakuwa ba ya cin kowa. Shi take ci, da ciwon da ke hana shi miƙewa.

Marubutan Hausa sun daɗe da gane daɗin wannan duniya ta aljannu da matsafa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da ita, haka kuma littattafan yaƙi da matasan Kano suka yi ta bugawa daga baya. Babu laifi a nan ko kaɗan. Mai ƙaga labari yana da ikon ya ɗora ƙarfin matsafinsa a gashi ko a zobe ko a hanta, kuma gwargwadon yadda ya tsara dokar abin, gwargwadon yadda labarin zai yi armashi. Hasali ma, marubucin da ke neman tsarin sihiri mai ƙa'ida ba ya bukatar aro daga waje, ga ƙanƙara da kurwa nan a ƙofar gidansa.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauko tsarin daga tatsuniya aka ɗora wa maƙwabciya. Zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro yana sa shi sambatu da sanƙamewa. Sanƙarau ma haka, cutar da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Arewacin Nijeriya cikin 1996. Yaron da ke cikin wannan hali sunan wanda ya saba gani zai kira, tsohuwar da ke ba shi ƙosai ko mai gadin layinsu. Da ya kira, shi ke nan, an sami maye. Awoyin da ya kamata a yi a hanyar asibiti sai a ƙarar da su wajen jan tsohuwa ta zo ta tsallaka. In yaron ya tashi an ce ta saki, in ya cika an ce ta cinye, ta kowace fuska dai ba ta da mafita. Sa'an nan tun da an ce abin a nono yake, tabon ya bi 'ya'yanta mata har ɗakin aure, ko ya hana su shiga ɗakin ma sam.

Mazauna Ikko sun ga irin wannan da idonsu. A ƙarshen 1990 jita-jitar satar mazakuta ta mamaye birnin, aka ce da an gaisa da mutum ko an goge shi a tashar mota sai gabansa ya ɓace. An yi wa mutane da dama dukan kawo wuƙa, waɗansu har lahira. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dokta Sunday Ilechukwu, wanda ya fara cin karo da irin wannan ƙorafi a Kaduna tun 1975, ya rubuta cewa in an duba masu kukan akan tarar da komai na nan, sai su koma cewa an mayar musu ne, ko kuma an rage. Jita-jitar ta sake tashi a Abuja da waɗansu jihohi cikin 2023. A irin wannan rana baƙo ne abincin taro, wanda ba a jin harshensa kuma ba shi da mai tsaya masa, kuma Bahaushen da ya baro Zango ya shiga tsakiyar Oshodi ko Mushin yana cikin sahun farko na waɗanda za a nuna da yatsa.

Doka ba ta yi shiru ba, ko da yake kaɗan ne suka san da haka. Sashe na 210 na kundin laifuka da aka gada a Kudu, da sashe na 216 na Final Kod ta Arewa, duka sun hana mutum ya yi da'awar shi maye ne, sun kuma hana a jefi wani da maita. Hukuncin yana kai ɗaurin shekara 2, kuma bai ware mai unguwa ko Sarkin Mayu ko uwar yaro ba.