Zagayen Duniya: A Kan Keke Cikin Ƙauyukan Faransa

A makon jiya, muna cikin darasin labarin ƙasa da 'yan aji shida, muka nuna musu hoton wani magidanci Bafaranshe da matarsa da 'ya'yansu biyu. Kowa yana bisa kekensa, an ɗaure kaya a kariya, suna tafe tsakanin gonaki. Muka ce musu hutu suka fito. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, motarsu ce ta lalace?" Aji ya fashe da dariya, har da mu. Amma sa'ad da muka hau namu keken muka nufi gida da la'asar, tambayar ta ƙi barin ranmu. Gama yaron bai faɗi kome ba sai abin da yake ji a gari. A wurinmu mai keke shi ne wanda bai sami babur ba tukuna, mai babur kuwa mota yake jira. To, ga mutanen da suke ƙera motar Peugeot da hannunsu, suna ajiye ta a gida su hau keke mako guda ko biyu, da kuɗinsu, da son ransu. Wannan kamfani na Peugeot ma, keke ya fara ƙerawa tun 1882, mota daga baya ta zo. Saboda haka a wannan wata bari mu shimfiɗa taswira mu bi su, mu ga abin da suke nema.

Abin yana da tushe. A garin Saint-Étienne an yi wani ɗan kasuwar siliki mai suna Paul de Vivie, an haife shi a 1853, an fi saninsa da laƙabin Vélocio. Shi ne ya dage cewa ba don tsere kaɗai aka yi keke ba, an yi shi domin mutum ya ga ƙasa. Ya yi shekaru yana gardama a kan a sa wa keke giya, domin mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya hawan tudu, masu tsere kuwa suna yi masa ba'a, suna cewa giya ta raggaye ce. Sai a 1937 aka yarda da ita ga kowa a babban tseren nan na zagaya Faransa, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Shawarwarin da ya bar wa matafiya har yanzu ana bin su: mutum ya ci kafin ya ji yunwa, ya sha kafin ya ji ƙishi, kada kuma ya tuƙa domin a yaba masa. Wannan ta ƙarshen mun karanta wa 'yan ajinmu sau biyu.

Amma yawo sai da lokaci, lokaci kuwa talaka ba shi da shi. A 1936 ne gwamnatin Léon Blum ta yi doka cewa kowane ma'aikaci yana da hutun mako biyu a shekara, ba a kuwa yanke masa ko anini daga albashinsa. A zafin wannan shekara hanyoyi suka cika da leburorin masana'antu, waɗansu a kan keke mai sirdi biyu, miji a gaba mata a baya, da yawansu ranar suka fara ganin teku. Tun 1982 hutun ya zama mako biyar.

Hanyar da muka fi so mu nuna muku tana jihar Burgundi, gabas da tsakiyar ƙasar. Dā akwai wani ƙaramin layin dogo da yake ratsa ƙauyuka a can. Da motoci suka yawaita, samari kuma suka watse zuwa birane, sai jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta rufe layin. A 1997 hukumar yankin ta shimfiɗa kwalta a inda ƙarafan suke dā, kilomita 44 daga Givry zuwa Cluny, ta hana mota da babur shiga. Suka sa mata suna koriyar hanya, ita ce kuwa ake lissafawa ta fari irinta a Faransa. Daga baya aka ƙara ta, ta tashi daga Chalon har kusa da Mâcon, wajen kilomita 70, watau ba ta kai nisan Kaduna zuwa Zariya ba. Dabarar a fili take. Jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsanani, saboda haka maginan layin sun riga sun fasa tudu sun cike kwari. Inda jirgi ya bi, yaro ɗan shekara takwas da kakarsa za su bi ba da haki ba. Waɗansu tsofaffin tashoshi kuma sun zama wuraren hutawa da ba da hayar keke, 'yan ƙauye suka sami masu sayen abinci da masu neman makwanci. Wannan ya tuna mana da ƙaramin jirgin nan da yake tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957. Da wuya ka sami yaro yau da zai nuna maka inda ya bi.

Mai bin wannan hanya, gonakin inabi ne a damansa da hagunsa, jeri jeri a gefen tudu, sa'an nan makiyaya cike da fararen shanu da ake kira Charolais. Fari ne kamar na Bunaji, amma ba su da tozo, ga ƙiba kamar a taɓa su fashe. Kudu da Cluny hanyar ta shiga cikin dutse, ta ramin da aka haƙa wa jirgi, tsawonsa kilomita 1.6. Ko ana zafi a waje, ciki sai da rigar sanyi. Abin da ya ba 'yan ajinmu mamaki shi ne, a kan rufe wannan rami tun daga watan Oktoba har sanyi ya wuce, domin jemagu suna barcinsu na hunturu a ciki, ba a so a tashe su. Mai keke sai ya zagaya ta kan tudun, yana gumi. Wata yarinya ta ce ita ba ta taɓa jin inda mutum ya ba jemage hanya ba.

Cluny kanta ƙaramin gari ne yanzu, amma a 910 aka kafa gidan sufaye a wurin, majami'ar da suka gina daga baya kuwa ba ta da na biyu a girma a duk Turai har aka sake gina ta Bitrus a Roma. Bayan juyin juya halin Faransa aka sayar da ita, 'yan kwangila suka yi ta rushewa suna sayar da duwatsun. Abin da ya rage tsaye bai fi kashi ɗaya cikin goma ba.

Kilomita goma arewa da nan, a kan wani ɗan tudu dab da hanyar, akwai ƙauyen Taizé, labarinsa kuwa da keke ya fara. A watan Agusta 1940, Jamus ta riga ta ci Faransa da yaƙi, wani saurayi ɗan shekara 25, Roger Schütz, ɗan wani fasto na ƙasar Suwizalan, ya bar Janeba a kan keke yana neman gidan da zai zauna ya yi addu'a ya kuma karɓi waɗanda yaƙi ya kora. Ya iso Taizé, ƙauyen da ya kusa zama kufai. Wata tsohuwa ta ba shi abinci, ta roƙe shi ya zauna, gama kaɗaici ya dame su. Ya sayi wani tsohon gida, shi da 'yar'uwarsa suka riƙa ɓoye 'yan gudun hijira, har da Yahudawa, har 1942 da abin ya tonu. Bayan yaƙi waɗansu suka haɗu da shi, daga ɗariku dabam dabam. Ya rasu a 2005, yana da shekara 90, wata mata mai taɓin hankali ce ta soke shi a lokacin addu'ar yamma. Har yau dubban matasa daga ƙasashe da yawa suna zuwa wurin kowace shekara. Wanda ya wuce ta babbar hanyar mota ba zai ma san akwai wannan tudu ba.

Ga masu ƙarfin ƙafa akwai hanyar Kogin Loire, kogin da ya fi kowane tsawo a Faransa. Ita wajen kilomita 900 ce, daga kusa da Nevers har bakin Tekun Atalantika, ta kusa kai nisan Kano zuwa Legas. Yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce, wani wuri ma a kan ganuwar da aka yi don tare ambaliya ake tafiya. Nan ne fadodin sarakunan dā suke, kamar Chambord da aka soma ginawa a 1519, mai ɗakuna fiye da 400. Sai dai iska daga yamma ta fi busowa, wanda ya nufi teku kuwa da ita zai yi ta kokawa. Ba dole ba ne a yi ta duka. Iyali sukan yanki kwana uku ko huɗu, su komo da kekunansu a jirgin ƙasa.

A kudu kuma akwai wani kogi da hannun mutum ya haƙa, ana ce da shi Canal du Midi, kilomita 240 daga Toulouse zuwa bakin Bahar Rum, kamar daga Kaduna zuwa Kano ke nan. Wani mai karɓar harajin gishiri, Pierre-Paul Riquet, shi ya ɗauki aikin a 1666. Wuyar ita ce inda za a sami ruwan da zai cika shi a kan tudu, sai ya tara rafuffukan wani dutse a madatsa ya jawo su. Leburori wajen 12,000 suka yi aikin da diga da kwando, mata da yawa a cikinsu. Ya zuba dukiyarsa har ya ci bashi, ya mutu a 1680, saura 'yan watanni a buɗe. A gefen ruwan akwai turbar da dawakai suke bi dā suna jan jiragen kaya, ita masu keke suka gada. Abin da ya ƙawata ta shi ne manyan itatuwa wajen 42,000 da aka dasa a gaɓa biyu, suka haɗa kai a sama kamar rumfa. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu, wadda ruwa da igiyoyin ɗaure jirage suke yaɗawa, ba ta kuwa da magani sai sara da ƙonewa. An riga an sare fiye da rabinsu. Ana dasa waɗansu iri, amma wanda ya dasa ba shi zai sha inuwar ba, mai keke kuwa yanzu a wurare da yawa cikin rana yake tafiya. Turbar ma ba duka aka gyara ba, akwai inda saiwoyi da taɓo sukan wahalar da mutum.

Kada mai karatu ya zaci kome daɗi ne. Ƙauyukan Faransa shiru gare su, irin shirun da ba mu saba da shi ba. Mutum ya iya ratsa ƙauye da tsakar rana bai ga ko yaro ɗaya da zai tambaya hanya ba, tagogi duk a rufe. Inda aka yi sa'a akwai gidan burodi, a kan rufe shi da tsakar rana, wani har ƙarfe uku ko huɗu, ran Lahadi da yamma da ran Litinin kuwa kada a sa rai. Wanda bai sayi burodinsa da cuku tun da safe ba zai wuni da yunwa da kuɗi a aljihu. Ba kuma al'adarsu ba ce baƙo ya yi sallama a ƙofar gida a miƙo masa ruwa a moɗa. Shi ya sa matafiya suka koyi wata dabara: kusan kowane ƙauye yana da makabarta, a cikinta kuwa akwai famfon da ake ba furanni ruwa. Nan suke cika gorunansu, in dai ba a rubuta cewa ruwan ba na sha ba ne.

Da muka kai nan a aji, yaron nan mai tambayar mota ya sake ɗaga hannu. Ya ce to, in taya ta yi faci a tsakiyar gonakin inabi, wa zai gyara? Muka ce babu mai faci a gindin itace kamar na bakin kasuwarmu. Kowane matafiyi yana tafe da famfonsa, da gam, da ɗan roba, da sifana, ya zauna a gefen hanya ya yi da kansa, ko likita ne ko alƙali. Muka tambayi ajin wa ya iya faci. Cikin yara 41, hannu uku aka ɗaga, biyu daga ciki 'yan mata ne. Ran Jumma'a mai zuwa bayan an tashi, za mu kwantar da namu keken a gindin darbejiyar makaranta, a kawo ruwa a daro, kowa ya nemo inda iska take fita. Iyayen da suke da tsohon tif da ba a amfani da shi, muna roƙo su aiko mana da shi ta hannun yaran.