Kafin ki dasa fure a tsakar gida

 Yau tsakar gida za mu leƙa. Mata da yawa a Aujara da Jahun da Dutse sun sha sayen fure mai kyau a leda, su kai gida da murna, kafin wata guda ya bushe ƙayau, sai su ce ba su da hannun shuka. Hannunki lafiya lau yake. Yawanci furen ne bai dace da gidan ba. Kafin ki ba da kuɗinki, ki auna shi da abu uku: ƙasarki, ruwanki da yaranki.

Mu fara da ƙasa. Sunan jiharmu ma ya faɗa miki halinta, domin jigawa ita ce ƙasa mai rairayi, wadda ba ta riƙe ruwa. Ga damina gajera, daga Yuni zuwa Satumba, sai hunturu mai busar da ganye, sai bazarar da zafinta kan haura digiri 40 a Afrilu. Furen da aka raina a inuwa ana yi masa ban ruwa safe da yamma ba zai jure wannan ba. Ki nemi masu haƙuri.

Na farkonsu shi ne lalle. Mun saba kallonsa a matsayin kayan ƙunshi, alhali ƙananan furanninsa suna cika gida da ƙamshi da yamma, kuma idan kina aske shi yakan zama shinge mai kyau. Ki yanki reshe mai kaurin fensir, tsawon kamu ɗaya, ki kafa shi a Yuli, lokacin da ƙasa ta sha ruwa. Sai buganbiliya, mai fure ja ko ruwan hoda kamar takarda. Asalinta Kudancin Amurka ne, amma tana son rana, kuma ta fi yin fure idan ba a cika mata ruwa ba. Tana da ƙaya, don haka jikin katanga ne wurinta, nesa da inda yara ke guje-guje. Alobera da ɗaɗɗoya kuwa sun isa su ƙawata bakin ɗakinki a cikin tukunya.

Don gyara rairayin, ki haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na takin awaki ko na tumaki da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Tsohuwar randa ko bokitin da ya tsage duk sun isa, muddin akwai huda a gindinsu.

Sai ruwa. Gidan da ake sayen jarka a wurin mai garuwa, ko ake bin layin burtsatse, ba zai ware wa fure ruwa na musamman ba, kuma ba sai an ware ba. Ki ajiye roba a wurin alwala, ki tara ruwan wankin shinkafa da na ganye. Wanda aka sa wa omo ko bilic ne kawai za ki zubar. Ki yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindin shukar. Akwai kuma wata tsohuwar dabara: ki binne ƙaramin tulun ƙasa kusa da shukar har wuya, ki cika shi, ki rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali yana isa ga saiwa, rana ba ta ƙafar da shi ba. Rufe bakin nan wajibi ne, haka nan kada ki bar ruwa ya kwanta a farantin da ke ƙarƙashin tukunya. A lokacin zafi, mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishi sauro ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo.

Na ukun shi ya fi nauyi. Wasu daga cikin furannin da suka fi jure ƙasarmu dafi ne da su. Ƙarya, itaciyar nan mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, wadda wasu ke dangantawa da karin maganar nan ta “ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya”, ruwan jikinta ne mafarauta a sassan Afirka suka daɗe suna shafawa a kibiya. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da ake yawan gani a bakin titi da harabar ofisoshi, ganyenta da furenta da itacenta duk guba ne mai taɓa zuciya, har hayaƙinta ba a so a shaƙa. Bini da zugu da muke shinge da shi, ƙwayarsa tana yi wa yara kama da gyaɗa, kuma kaɗan daga cikinta sun isa su jawo amai da gudawa mai tsanani. Idan kina da mai rarrafe ko ɗan yaye, ki haƙura da waɗannan har su yi wayo. Idan suna gidan tuntuni, ki killace su, ki nuna wa manyan yaran su san su.

In ƙaddara ta faɗa yaro ya ci, ki cire abin da ya rage a bakinsa. Kada ki ɗura masa manja ko madara, kada ki sa masa yatsa don ya yi amai. Ki tsinki reshen shukar ki tafi da shi asibiti nan take, ko da yaron yana wasansa, domin wani dafin sai bayan sa'o'i yake nuna kansa.

Kada ki cika gida da tukwane tashi ɗaya. Ki fara da biyu, lalle da alobera, ki kewaye su da guntun zana saboda awaki, ki ba 'yar autarki aikin zuba musu ruwan alwala. Idan suka ga ƙarshen bazara da ransu, sai ki ƙara na uku. Allah ya albarkaci gidajenmu, sai mako mai zuwa.