Kaushin Da Ba Na Hunturu Ba

Idan hunturu ya kama, kowa ya san abin da ke biye. Jiki ya yi furu-furu, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Uwa ta ɗauko man kaɗanya ta shafe yaranta, da bazara ta shigo sai fata ta koma daidai.

Amma akwai wata bushewar fata wadda ba ruwanta da iska. Ana tsakiyar damina, yaro yana wanka kullum, ana shafa masa mai, duk da haka fatarsa ta yi kaushi kamar bayan kada. Irin wannan yaro ne 'yan makaranta kan yi wa dariya, su ce ƙazami ne. Wannan kuwa rashin adalci ne, gama sau da yawa laifin ba na wanka ba ne.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, ko nauyin ƙwan kaza ba ta kai ba. Likitoci suna kiranta tayirod. Aikinta shi ne zuba wani sinadari cikin jini, wanda ke sa jiki ya yi ɗumi, ya yi kuzari. In sinadarin ya yi kaɗan, sai kome na jiki ya yi sanyi. Gumi ya ragu, fata ta bushe, gashi ya riƙa zubewa. Mutum ya dinga jin ɗari alhali kowa yana fifita. Yaro kuma girmansa ya tsaya, barci ya riƙa ɗaukarsa a aji, har a zaci ragwanci ne.

Tayirod ba ta iya aikinta sai da aidin, wanda ake samu cikin abinci. Rashinsa ne yakan sa ta kumbura ta zama maƙoƙo. Saboda haka ne a 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci. Amma ko da aidin, takan gaza don wani dalili dabam.

To, ba daidai ba ne a yi ta sauya mai wata da watanni, yaro yana wahala. Abin da ya kamata iyaye da malamai su yi shi ne su kai shi asibiti. Can za a ɗebi jini kaɗan a auna. In an tarar sinadarin ya gaza, akwai 'yar ƙwaya da ake sha kowace safiya ta cike gurbinsa, a hankali fata ta yi laushi, kuzari ya dawo.